Ninja Gaiden: Dragon Sword, tsohon gem ɗin da ya mayar da tsinke takobi



Duk wanda yake Zamfara a watan Satumbar 2021 ba sai an tuna masa ba. A farkon watan aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Gusau ta samu sabis bayan kusan wata guda, mu kuwa na nan Gummi da 'yan uwanmu na Anka da Bukkuyum sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwar buɗe mana. A waɗannan watannin kowa ya san ainihin abin da ke cikin wayarsa. Masu Free Fire da PUBG suka wayi gari da gem mai cinye wuri, amma ko ƙofarsa ba ta buɗuwa. Wanda yake da Shadow Fight 2 ko Ninja Arashi ya zama ɗan gata, ana bin sa da Xender ana roƙo.

A wannan lokacin na haɗu da gem ɗin da zan ba ku labarinsa yau. Ya girmi wasu daga cikin masu karatu, kuma ba don waya aka yi shi ba. Amma shi ya nuna mini kuskuren da nake yi wajen haɗa manhaja, kuskuren da har gobe nake gani a yawancin gem ɗin da muke saukewa.

Gem ɗina da ƙanena ya goge

Kafin a ɗauke sabis na yi wata da watanni ina haɗa wani ƙaramin gem na dambe. Ban yi jami'a ba, daga sakandare sai bidiyon koyarwa da datar dare. Na zana 'yan dambe biyu, na sa musu fili da 'yan kallo, sannan na jera madannai guda bakwai a kan sikirin: gaba, baya, naushi, shuri, kariya, sunkuyo da babban naushin kisa. Haka na ga manyan gem suna yi, ni ma na kwafa.

Na tura wa ƙanena a ƙaramar wayarsa mai tsagaggen gilashi. Bayan kwana biyu na duba, babu gem ɗin. Da na tambaye shi sai ya ce, "Yaya, wanga gem naka bai jin magana. Ina son shi kai naushi, sai shi ja baya." Na karɓi wayar na sake ɗorawa, na ce ya buga ina kallo. Manyan yatsunsa biyu sun rufe kusan rabin filin. Idonsa kuma ba ya kan 'yan damben, yana ƙasa yana neman madanni. Kafin ya samu, an kai shi ƙasa.

Na ɗora laifin kan wayar. Na ce ƙarama ce, tsohuwa ce, da a babbar waya ce da ya ji daɗinsa. Na ajiye aikin.

Na'urar da ta zo daga Kano

Ana cikin rashin sabis ɗan baffana da ke gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya zo gida duba iyaye, tunda babu hanyar jin lafiyarsu. A jakarsa akwai wata na'ura mai ninkewa biyu da ya tsinta cikin tarkacen kayan gwanjo. Sunanta Nintendo DS Lite. Babu caja, sai ya yanke wayar USB ya haɗa mata. Babu tsinken da ake taɓa sikirin da shi, sai muka feƙe murfin biro. Kaset ɗaya ne a cikinta, an rubuta Ninja Gaiden: Dragon Sword.

Na buɗe ta yadda ake buɗe laftof, sai ya ce, "A'a malam, juya ta. Riƙe ta awa littahi."

Ga wanda bai san ta ba, Nintendo DS na'urar gem ce ta hannu da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a ƙarshen 2004. Tana da sikirin biyu, ɗaya na kallo kawai, ɗaya kuma ana taɓa shi. An sayar da fiye da miliyan 154 a duniya, duk da cewa a nan yankinmu ba ta yi tashe ba, mu PlayStation ɗin gidan gem muka sani. Sikirin ɗinta irin na tsofaffin wayoyin Chaina ne masu zuwa da tsinke: dannawa yake ji, don haka ko da farce ko roba zai yi aiki. Na wayoyinmu na yanzu kuwa lantarkin jikin mutum yake ji, shi ya sa tsinken sakace ba ya motsa shi.

Ƙarfinta fa? RAM ɗinta megabait 4 ne kacal. Wayar da kake rainawa mai gigabait 2 ta ninka ta sau 500 da ɗoriya. Masarrafanta biyu ne, ɗaya megahaz 67, ɗaya 33. Kowane sikirin ɗigo 256 ne a tsawo, 192 a faɗi. Ka riƙe waɗannan alƙaluma, za mu dawo kansu.

Wane ne ya yi gem ɗin?

Sunan Ninja Gaiden tsoho ne, tun 1988 kamfanin Tecmo ya fara fitar da shi. A 2004 wani sashe na kamfanin mai suna Team Ninja, ƙarƙashin jagorancin Tomonobu Itagaki, ya sabunta shi a kan Xbox, ya yi suna wajen sauri da wahala. Dragon Sword shi ne ɗan ƙaramin da suka yi wa DS, ya fito a Japan da Amurka cikin Maris 2008.

Lura da wannan shekarar. iPhone ta farko ba ta cika shekara guda a kasuwa ba. App Store sai a watan Yuli na 2008 aka buɗe shi, wayar Android ta farko kuma sai wajen ƙarshen shekarar ta fito. Ma'ana mutanen nan sun zauna sun warware matsalar yadda za a yi faɗa mai sauri a kan gilashi tun kafin a san gem ɗin waya irin na yau.

Labarinsa ba mai tsawo ba ne. Wata shida bayan abin da ya faru a gem ɗin Xbox, jarumin, Ryu Hayabusa, yana sake gina ƙauyensu. A babin farko da wata yarinya mai suna Momiji kake wasa, sai a sace ta. Daga nan Ryu ya ɗauki takobi ya bi sawun ƙungiyar ninja ta Black Spider da dodannin da ke mara musu baya, har babi 13. Tatsuniya ce irin ta Japanawa, da dodanni da tsafe-tsafensu, kuma a Amurka an ware shi ga 'yan shekara 13 zuwa sama. Na faɗi wannan saboda masu ƙanne ƙanana.

Yadda ake buga shi

Idan ka riƙe na'urar kamar littafi, shafi ɗaya taswira ce, ɗayan kuma filin daga. Bahago ma an tanadar masa, yana iya juya ta. Komai da tsinke ake yi:

Ka ɗora tsinke a wuri ka riƙe, Ryu zai ruga can.

Ka ɗan taɓa abokin gaba, zai jefe shi da tauraron ƙarfe ko kibiya.

Ka ja layi a jikin abokin gaba, zai sare shi da takobi. Ko yana nesa, Ryu zai kai kansa wurin da kansa.

Ka ja tsinke sama, zai yi tsalle. Ka sake ja yana iska, ya ƙara wani.

Ka ja ƙasa, sama, sama a jikin mutum, zai ɗaga shi iska ya juyo da shi ya buga da ƙasa.

Ka goga tsinke gaba da baya da sauri, zai tara ƙarfi ya saki mummunan hari.

Idan kana son ƙarfinsa na musamman, wani harafi zai fito a sikirin, sai ka bi shi da tsinke kamar mai koyon rubutu a allo.

To madannan da ke jikin na'urar fa? Kusan dukansu aiki ɗaya suke yi: kariya. Duk wanda babban yatsan hannunka na riƙo ya samu, ka danna, Ryu zai tare sara. Ba sai ka duba ba, ba sai ka zaɓa ba. Har makirfo sun sa a aiki, akwai inda sai ka yi magana ko ka hura iska a ciki kafin wani tsoho mai barci ya farka.

Ƙanena da ya goge nawa gem ɗin bai yi minti biyar ba ya gane wannan. Ba ya jin Turancin da ke fitowa, babu wanda ya koya masa. Dalili kuwa a fili yake: abin da hannunsa ke yi shi ne abin da ke faruwa. Yana son sara, sai ya yi sara. Yana son sama, sai ya ja sama. Idonsa bai bar abokin gaba ba ko sau ɗaya, domin inda yake kallo nan ne inda yake taɓawa.

Dabarar da ta sa ya yi kyau a megabait 4

Abu na biyu da ya ɗaure mini kai shi ne kyan hotonsa. DS ba ta iya zana abu mai yawa. Duk hoton gem mai siffar zahiri da ƙananan kusurwa-uku ake gina shi, ita kuwa kusan 2,000 kawai take iya nunawa a lokaci guda. Da sun ce za su gina gidaje da bishiyoyi da duwatsu da su, da babu abin da zai rage wa mutane.

Sai suka zana wuraren tun a ofis da manyan kwamfutoci, suka adana su a matsayin hoto marar motsi. Na'urar ba ta wahalar zana ƙauye ko kogo, hoto kawai take shimfiɗawa, ta zuba duk ƙarfinta a kan Ryu da abokan gabansa. Tsohuwar dabara ce, Resident Evil na 1996 da Final Fantasy VII na 1997 sun yi amfani da ita. Kamar mai shirya wasan kwaikwayo ne da ya rataya zanen gari a bango, ya kashe kuɗinsa kan 'yan wasa.

A nan jikina ya yi sanyi. Wayar ƙanena da na ɗora wa laifi ta fi wannan na'ura ƙarfi nesa ba kusa ba. Ashe rawa ce ban iya ba, na ce ƙasa ta karkace.

Inda ya gaza

Kada in yi muku tallan abin da ba shi da aibu. Gem ɗin gajere ne, wanda ya iya zai gama shi cikin sa'o'i shida ko bakwai. A matakin farko na wahala, idan ka yi ta zabga layi barkatai kamar yaro da fensir, sau da yawa za ka wuce ba tare da wata gwaninta ba. Wani lokaci kana nufin sara sai ya ɗauka tsalle kake so. Idan Ryu ya yi nisa cikin hoton yakan ƙanƙance har ka rasa shi a tsakiyar taro. Wasu daga cikin bos-bos ɗin daga na Xbox aka ɗebo su. Bayan awa guda kuma wuyan hannu zai gaya maka.

Akwai kuma sashen da ya mutu gaba ɗaya. Da can kana iya tura makinka ta intanet ka ga matsayinka a duniya. A watan Mayun 2014 Nintendo ta rufe wannan hidimar ga DS. Abin da ya dogara da intanet ya tafi, abin da ke cikin kaset kuwa ga shi muna bugawa a Gummi shekara bakwai bayan nan, a garin da ko kira ba ya shiga. Duk mai haɗa manhaja a yankinmu ya kamata ya yi tunani a kan wannan.

Wata rana muna zaune a zaure mun haɗa kai kan na'urar, Inna ta leƙo ta ce, "Ku dai ba ku gajiya da hwaɗa. Wanda aka yi cikin daji bai ishe ku ba?" Babu wanda ya iya ba ta amsa. Maganar ta zauna mini, kuma ita ta ƙara sa na tsaya kan dambe maimakon takobi ko bindiga. A dambe wanda aka kashe yana tashi ya karkaɗe jikinsa, gobe ya dawo fili.

Me ya sa wayoyinmu suka cika da madannai?

Ba a rasa waɗanda suka bi wannan hanya a waya ba. Fruit Ninja na kamfanin Halfbrick da ke Ostireliya ya fito a 2010, yatsanka shi ne wuƙar. Infinity Blade, shi ma na 2010, da jan yatsa ake sara. Temple Run na 2011 da Subway Surfers na 2012 ba su da madannin gudu ko tsalle ko ɗaya, shi ya sa yaron da bai shiga firamare ba yake iya buga su.

Amma yawancin gem ɗin faɗa sun zaɓi hanya mai sauƙi ga mai haɗawa: a ɗauko hannun PlayStation a zana shi a kan gilashi. Matsalar ita ce madanni na gaske yatsa yana jin sa, ya san gefensa, ya san ya dannu. Na gilashi hoto ne. Shi ya sa masu Call of Duty Mobile da PUBG ke koyon wasa da yatsu huɗu, wasu su sayi safar yatsa, wasu su maƙala 'yan madannai a saman waya. Ban ce waɗannan gem ɗin ba su da daɗi ba, ni ma ina buga su. Amma an gina su ne da tunanin babbar waya mai faɗi da data marar yankewa, mu kuwa mun san irin wayoyin da ke jere a teburin mai caji.

Yadda na sake gina nawa

Da na koma kan aikina, sai na lura da abin da ke gabana tun farko. Ɗan dambe hannu biyu gare shi, kowanne da aikinsa: ɗaya an naɗe shi da zare don duka, ɗaya a buɗe don kariya da auna abokin karawa. Haka Dragon Sword yake, hannu ɗaya takobi, ɗaya garkuwa. Sai na goge madannan nan bakwai duka.

Yanzu idan ka ɗora babban yatsan hagu a ko'ina a ɓangaren hagu, ɗan dambenka zai kare. Yatsan dama kuma ka ja shi gaba naushi ne, sama shuri, baya ja da baya. Ka danne ka riƙe sannan ka saki, naushin kisa ke nan, amma kafin ya fita ka buɗe jikinka.

Ga masu koyon haɗa manhaja, abin ba shi da wuyar da ake zato. Waya tana gaya wa manhajarka inda yatsa ya sauka, inda ya bi, inda ya tashi, da lokacin da ya ɗauka. Idan bai yi nisa ba kuma ya tashi da wuri, taɓawa ce. Idan bai yi nisa ba amma ya daɗe, riƙewa ce. Idan ya yi nisa, sai ka gwada tafiyarsa ta gefe da ta sama, wadda ta fi yawa ita ce nufinsa. Shawara biyu daga kuskuren da na yi. Ta farko, kada ka auna nisan da adadin ɗigo, domin wayoyi sun bambanta, ka auna shi da kason faɗin sikirin. Ta biyu, ka yi wa mai wasa uzuri. Babu mai jan miƙaƙƙen layi yana tsakiyar faɗa, musamman da gumin bazara a hannu.

Wuri ɗaya na saɓa wa Dragon Sword da gangan. Tsinke siriri ne, ba ya rufe komai, shi ya sa suka ce ka ja layi a jikin abokin gaba. Yatsa kuwa kauri gare shi. Don haka a nawa ba sai ka taɓa ɗan damben ba, ko'ina ka ja a ɓangarenka ya wadatar. Wannan ya taimaki masu fasasshen sikirin, domin idan wani lungu ya daina ji sai su matsa gefe.

Har yanzu ban gama shi ba, sautinsa ma sai a hankali, kuma bai hau Play Store ba. Amma ba ya neman data ko kaɗan, kuma yana nan a wayar ƙanena bai goge ba.

Ko za ka iya buga Dragon Sword a wayarka?

Tambayar da na san za ta biyo baya ke nan. Ba a taɓa fitar da wannan gem a Android ko iPhone a hukumance ba. Duk inda ka ga an ce ga shi a fayil ɗin APK ka sauke kai tsaye, ka yi hattara, ta irin wannan ƙofa ake cusa wa mutane manhajojin satar bayanai da na tallan dole.

Abin da ke akwai shi ne emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon na'urar gem a cikin waya, kamar yadda PPSSPP ke yi wa PSP. Na DS akwai melonDS, kyauta ce. Shi gem ɗin kansa kuwa haƙƙin masu shi ne, wato Koei Tecmo, sunan da kamfanin ya koma bayan haɗewarsa da Koei a 2009, kuma tsaftatacciyar hanya ita ce ka mallaki kaset ɗinsa. Ka kuma sani cewa da yatsa ba zai yi maka daɗin da yake yi da tsinke ba, sai ka juya hoton a saituna, ka faɗaɗa shafin da ake taɓawa, in da hali ka nemi alƙalamin taɓa waya mai bakin roba.

Wanda kuma labarin ya sa masa sha'awar haɗa nasa, ba sai ya jira babbar kwamfuta ba. Godot kyauta ne kuma yana da nau'in da ke aiki a kan Android. Akwai GDevelop da Pocket Code ga wanda bai fara rubuta kod ba. Ka fara da abu ƙarami, langa ko dara ko tseren kwale-kwale a gulbi. Idan ka haɗa, kada ka gwada shi a wayarka kaɗai. Ka nemi mafi ƙanƙantar waya a gidanku, ka kashe data, ka miƙa wa yaro, ka yi shiru kada ka koya masa komai. Ka kalli idonsa. In yana kan wasan, ka kama hanya. In yana ƙasa yana lalube, da sauran aiki.

Ita kuwa DS ɗin, ɗan baffana ya koma da abarsa Kano da aka buɗe sabis. Murfin biron dai yana wurina.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.